Siririn jirgi: Yadda tsafta ke riƙe da rayuwa a magudanan ruwan Birtaniya

Faɗinsa bai kai ƙafa 7 ba, amma tsawonsa kan kai ƙafa 70. A cikinsa akwai ɗakin kwana da kicin da banɗaki da ɗan falo, duk a jere kamar taragon jirgin ƙasa. Wannan shi ne siririn jirgin ruwan da Turawan Birtaniya ke kira narrowboat, wanda wasu ke haya don yawon hutu, wasu kuma suka mayar da shi gida, musamman a Landan inda kuɗin haya ya gagari mutane da yawa.

Jiragen suna bin magudanan ruwa ne da aka haƙa da hannu tun zamanin bunƙasar masana'antu. A shekarar 1761 aka buɗe magudanar Bridgewater don kai kwal zuwa birnin Manchesta, daga nan sauran suka biyo baya. An ƙera jiragen sirara ne domin su iya shiga ƙofofin da ke ɗaga jirgi ko sauke shi a inda ƙasa ke da tudu, waɗanda faɗin da yawansu ƙafa 7 ne kacal.

A yau hukumar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales. Tafiyar ba ta gaggawa ba ce, domin doka ta hana wuce gudun mil 4 a sa'a. Wanda kuma ba shi da matsaya ta dindindin, a ƙa'ida ba ya wuce kwana 14 a wuri guda.

Tsafta tsohuwar al'ada ce a wannan rayuwa. Da jirgin ƙasa ya fara ƙwace musu kasuwa, matuƙan jiragen dako sun kwaso iyalansu zuwa cikin ɗan ɗakin da ke bayan jirgi. A 1877 majalisar dokoki ta wajabta rajistar jiragen da ake kwana a cikinsu saboda cunkoso da kiwon lafiya. Duk da ƙurar kwal, an san iyalan da goge kayan tagulla har su yi ƙyalli, da wanke igiyoyi su yi fari, da ƙawata jiragensu da zanen furanni da fadoji.

Ga mazauna yau, babban abokin gaba shi ne danshi. Jikin jirgin ƙarfe ne, don haka da hunturu tururin girki da numfashi kan zama raɓa a tagogi da bango. In aka yi sakaci, fumfuna ta kama tufafi da katifa, ta jawo ciwon ƙirji. Shi ya sa ake goge tagogi kowace safiya, kuma ba a toshe kafofin iska komai sanyi. Murhun ɗumama ɗaki ma yana buƙatar a riƙa share bututun hayaƙinsa, domin toshewarsa kan tara iskar guba marar wari mai kisa cikin barci. Tun 2019 aka wajabta sanya na'urar gargaɗi kan wannan iska a jiragen.

Daga waje kuwa tsatsa ce ke cin jirgi a hankali. Duk bayan shekara biyu ko uku ana fitar da shi daga ruwa, a kankare gansakuka da datti, sannan a shafe ƙasansa da baƙin fenti mai kwalta. Akwai kuma wata 'yar ƙofa a saman farfela, inda matuƙi ke kashe inji ya zura hannu cikin ruwan sanyi ya ciro leda da igiya da ciyawar da suka naɗe ta.

Sai batun da ya fi shafar kowa. A yawancin jiragen, ruwan wanka da na wanke-wanke kai tsaye yake zuba cikin magudanar, inda kifaye da agwagi ke rayuwa. Don haka ake shawartar masu jirgi su zaɓi sabulu marar illa, su kuma guji zuba man girki a wurin wanke kwanuka. Bahaya kuwa haramun ne a zubar da shi a ruwa. Ana tara shi a tanki, a kai shi wuraren da aka tanada a bakin hanya. Haka ruwan da ya gauraya da baƙin mai a ƙarƙashin inji, sai a kwashe a kai shi tudu.

Jirgi mai datti kan ɗauki ɓarna daga wani ruwa zuwa wani. Akwai wata baƙuwar ciyawa mai shimfiɗa a kan ruwa kamar kainuwa, wadda ɗan guntunta da ya maƙale a farfela ya isa ya tsiro a sabon wuri, ya rufe hanya, ya hana kifi iska. Dalili ke nan da hukumomi ke kiran masu jirgi su duba kayansu, su wanke, su shanya kafin su sauya ruwa.

Hausawa na cewa tsafta cikon addini ce. Ga mai zaune a siririn jirgi, ita ce kuma ke tabbatar da cewa gidansa bai huje ba, kuma ruwan da ya bari a baya bai cuci jirgin da ke biye da shi ba.