Ƙauyen da aka tsamo daga ruwa

A ƙasar Kanada, cikin jihar Ontariyo, akwai wani ƙaramin ƙauye a bakin kogin Sen Loran. Daga Otawa, babban birnin ƙasar, tafiyar awa ɗaya ce da ƴan kai a mota. Ƙauyen yana da gidaje, da gonaki, da makaranta, da maƙera. Da rana yana cike da mutane, amma mazaunansa na ainihi sun daɗe da mutuwa. Gidan tarihi ne, sai dai ba irin wanda ake jera kaya cikin madubi ba. A fili yake, kuma baƙo yana yawo cikinsa da ƙafa. Sunansa Upper Canada Village, wato Ƙauyen Kanada ta Sama. Haka ake kiran wannan yanki a da, don yana wajen saman kogi.

Ruwa ne mafarin wannan ƙauye. Kanada da Amurka suka shirya su gyara kogin, don manyan jiragen ruwa su riƙa shigowa daga teku har cikin ƙasa. Suka gina babban baraji kuma, don su samu wutar lantarki. To, in aka tare kogi, tilas ruwa ya nemi wurin kwana. Ran 1 ga watan Yuli na shekara ta 1958 aka saki ruwa. Cikin ƴan kwanaki ya rufe ƙauyuka da gonaki da hanyoyi. Mutum wajen 6,500 suka bar inda aka haife su.

Kafin ruwa ya zo an ɗauke gidaje fiye da 500. Ba rushe su aka yi ba. Gidajen katako ne, sai a kawo wata ƙatuwar mota, ta ɗaga gida ɗungum, ta kai shi kan tudu. Waɗanda ba su ɗaukuwa aka rushe su, ko aka sa musu wuta. Sai hukuma ta zaɓi waɗansu tsofaffin gine-gine, ta tara su wuri ɗaya, ta ƙaro waɗansu daga garuruwan kewaye. A shekara ta 1961 aka buɗe wurin ga jama'a. Gine-ginen sun fi 40.

Wanda ya shiga ƙofa, kamar ya koma shekara ta 1866 ne. Ba mota, ba fitilar lantarki a titi. Ma'aikatan wurin suna sa tufafi irin na wancan zamani: mata da dogayen riguna har ƙasa, maza da malafa. Kuma ba wasan kwaikwayo kaɗai suke yi ba, aikin gaske suke yi. Maƙeri yana zuga wuta, yana dukan jan ƙarfe a kan uwar maƙera. Manomi yana huɗa da dawaki ko da shanu. A bakin wata ƴar hanyar ruwa, doki yana tafiya a tudu, yana jan jirgi cike da baƙi.

Wurin da ya fi tsai da yara shi ne gidan yankan katako. Ruwa ne ke aikin. An tare shi a tafki, in aka buɗe masa hanya sai ya zubo da ƙarfi, ya juya wata ƙafa ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gidan. Ita kuwa sai ta motsa wani dogon zarto, yana hawa yana sauka. Gungumen itace yana matsowa sannu sannu, zarto yana cinsa, ɗaki duka yana rawa. Aikin da mutum biyu za su yini suna yi da hannu, nan da nan an gama shi. Kusa da nan akwai gidan niƙa, inda manyan duwatsu biyu ke murƙushe alkama. Garin nan shi ake kaiwa gidan burodi, a gasa a tanderun bulo, baƙi su saya. A wani gida ana kaɗa gashin tumaki ana saƙa barguna. A wani kuma ana yin cuku da nonon shanu, amma nasu mai kauri ne, ba falle-falle kamar na Abzin ba.

Makarantar ɗaki ɗaya ce tak. Malami ɗaya ne ke koya wa manya da ƙanana gaba ɗaya. Takarda tana da tsada, saboda haka a kan allon dutse yara ke rubutu. Akwai murhun ƙarfe cikin ɗakin, don sanyin ƙasar ba na wasa ba ne: kogi kansa yakan daskare. Shi ya sa sai watan Mayu ake buɗe ƙauyen don irin wannan yawo.

Su wa suka fara gina irin gidajen nan? Da yawansu mutane ne da suka gudo daga Amurka. Da Amurka ta yi yaƙi ta ƙwaci kanta daga hannun Ingila, waɗanda suka goyi bayan sarkin Ingila suka rasa wurin zama. A shekara ta 1784 aka ba su filaye a bakin kogin. Kurmi suka tarar, itatuwa manya manya. Suka sare su da gatari, suka jera gungume bisa gungume suka yi ɗakuna. Sauran itacen suka ƙone, suka sayar da tokar ga masu yin sabulu. Sau da yawa kuɗin toka ne kuɗin farko da gona ke kawo wa mai ita.

Turawa suna kiran mutanen nan masu sharar fage, kamar su ne na farko a wurin. Wannan suna bai faɗi gaskiya duka ba. Tun kafin Bature ya ga kogin, ƴan asalin ƙasar suna farauta da su da noman masara a bakinsa. Ƙabilar Mohok tana nan har yau a Akwesasne, ba nisa da ƙauyen. Su ma aikin kogin ya ci musu ƙasa, ya ɓata musu wuraren kamun kifi. Baƙon da ya tsaya ga gidajen katako kaɗai, rabin labari ya ji.

Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihi na Yamai zai gane dabarar. Can ma an gina ɗakuna irin na ƙabilun Nijar a fili, masu sana'a kuma suna aiki a gaban jama'a.

Kusa da ƙauyen akwai wani bango mai ban tausayi. Lokacin da ruwa zai zo, an tone waɗansu kaburbura an sake musu wuri. Waɗansu kuwa aka bar su inda suke, aka ɗauko duwatsun da ke bisansu kawai. An gina bangon da bulo da duwatsun gidajen da aka rushe, aka liƙa duwatsun kaburburan a jikinsa, kowane da sunan mai shi da shekarar mutuwarsa. Jikokinsu sukan zo su tsaya nan su karanta sunayen. Kogi yana wucewa a gefe, da manyan jiragen ruwa a bisansa.