Tsibiran Solomon: Yadda Aka Ba Kura Ajiyar Nama

Ga labarin wata ƙasa da ke cikin tekun Fasifik, arewa maso gabas da Ostireliya, ana kiranta Tsibiran Solomon.

A shekarar 1998 fitina ta tashi tsakanin mutanen tsibirin Gwadalkanal da mutanen tsibirin Malaita waɗanda suka zo suka zauna kusa da Honiyara, babban birnin ƙasar. Aka kori dubban Malaitawa daga gonakinsu. To, galibin 'yan sandan ƙasar Malaitawa ne. Sai a watan Yuni na 2000 waɗansu daga cikinsu suka haɗa kai da mayaƙan ƙabilarsu, suka kwashe bindigogin ma'ajin gwamnati, suka tilasta wa Firayim Minista Ulufa'alu ya yi murabus.

A watan Oktoba aka yi sulhu a garin Townsville na Ostireliya, amma aka ɗauki mayaƙa masu yawa aikin tsaron gari. Nan ne kuskuren yake, an ba kura ajiyar nama. Suka riƙa zuwa baitulmali da bindiga suna karɓar kuɗi, albashi ya tsaya, ciniki ya mutu.

Ran 24 ga Yuli 2003, bisa roƙon gwamnati, rundunar ƙasashen maƙwabta ta sauka, mutum fiye da 2,000, Ostireliya ce ja-gaba. Cikin 'yan watanni aka tattara bindigogi fiye da 3,000. Aka raba 'yan sanda da makamai, aka sallami ɗaruruwa, waɗansu aka kai su gaban alƙali, aka ɗauki sababbi daga lardi-lardi. Sai a 2017 aka mayar wa kaɗan daga cikinsu bindiga, baƙin kuma suka tafi.

Duk da haka, a watan Nuwamba na 2021 aka yi tarzoma, aka ƙone kantunan 'yan kasuwar Sin a Honiyara kamar yadda aka yi a 2006, har aka sāke kiran Ostireliya.

Ku duba fa: karɓe bindiga aikin watanni ne, amma shekara 14 ba ta isa gina amana ba. Ɗan sandan da ya fifita ƙabilarsa bisa doka, ba mai kanti da zai yi barci a bayansa. Allah Ya ba mu masu tsaro masu tsoronSa, amin.