YADDA AKE SAMUN LALLE MAI KAMAWA DA DAƊEWA

Gabatarwa

Lalle, wanda masana tsirrai ke kira Lawsonia inermis, itace ne mai jure fari da zafin rana, kuma ya daɗe yana cikin gidajenmu da shingayen gonakinmu. Da shi ake ƙunshin amarya, da shi ake kwalliyar sallah da ta suna. Sai dai kukan da masu saye suka fi yi shi ne, an kwana da ƙunshi amma bai kama ba, ko kuwa ya kama ya koɗe cikin 'yan kwanaki. Wannan ne ke sa wasu komawa ga baƙin rini mai cutar da fata, manomi kuma ya rasa kasuwa. Ku sani, kamawar lalle daga gona take farawa. Idan an lalata ganye wajen girbi ko shanya, babu abin da za a zuba a kwaɓi ya gyara shi.

Abin da ke sa lalle ya kama

A cikin ganyen lalle akwai sinadarin rini mai suna lawson, wanda yawansa a busasshen ganye bai cika wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Idan aka jiƙa garin ganyen, sinadarin yakan fito ya ratsa saman fata, ya manne da keratin, wato abin da aka gina saman fata da farce da gashi da shi. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi kauri, shi ya sa suka fi damtse da sangali ɗaukar lalle. Rinin yakan fara da ruwan goro, sannan iska ta mayar da shi ja mai duhu cikin kwana 1 zuwa 2. Ba wankewa yake yi ba, saɓulewa yake yi tare da tsohuwar fata, galibi cikin mako 1 zuwa 3. A farce kuwa yana nan har sai farcen ya tsiro an yanke. Saboda haka aikinku guda uku ne: ku samar da ganye mai yawan rini, ku kare rinin daga lalacewa, ku kuma ba shi lokacin shiga fata.

Kulawa a gona da girbi

Ku dasa lalle a fili mai samun rana sosai, a ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. Wanda ya tashi a inuwa ko a dausayi yakan yi ganye shar amma rininsa kaɗan ne. Ana shuka shi da iri, ana kuma dasa yankan reshe a farkon damina, kuma idan ya kafu yakan yi shekaru masu yawa ana cin amfaninsa. Yankin Sojat na jihar Rajastan a ƙasar Indiya, wanda ya yi suna a duniya wajen lalle, wuri ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama kamar arewacin ƙasar nan.

Ku girbe ganye idan ya ƙosa yana kore, kafin ya fara rawaya yana zuba. Ku jira raɓa ta bushe, sannan ku yanke rassa da lauje mai kaifi, ku bar kututture don ya sake tofo. Sabon tofo ya fi tsohon ganye rini, don haka sassabe itacen a kai a kai riba ce gare ku.

Shanya, daka da ajiya

A nan ne mafi yawan asara ke faruwa. Kada ku shanya lalle a tsakiyar rana ko a kan ƙasa. Ku baza rassan a kan tabarma ko buhu mai tsabta, a inuwa mai shan iska, kuna juyawa kullum don kada su yi gumi su kama fumfuna. Idan ganye ya bushe har yana karyewa a hannu, ku kakkaɓe shi, ku tsince itatuwa da 'ya'ya da tsakuwa. Ganyen da aka shanya daidai kore yake zama. Wanda ya koma ruwan ƙasa ya riga ya yi asarar rini.

Ku daka a turmi mai tsabta, ko ku kai injin da ba a niƙa barkono a cikinsa ba. Ku tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi, domin gari mai laushi ya fi sakin rini, ya kuma fi kwanciya a fata. Haske da zafi da laima su ne abokan gabar garin lalle. Ku zuba shi a leda mai kauri, ku fitar da iska, ku ɗaure, ku saka a mazubi mai murfi a ɗaki mai sanyi. Zai fi kyau ku ajiye busasshen ganye, ku riƙa daka abin da za ku sayar ko ku yi amfani da shi nan kusa. Kada ku haɗa shi da wani ganye ko yashi don ƙara awo, domin wadda ta saya sau ɗaya bai kama ba, ba za ta dawo ba.

Yadda ake kwaɓi

1. Ku auni gari gwangwanin madara 1, ku kwaɓa da ruwa mai ɗumi da ruwan lemun tsami ko na jiƙaƙƙiyar tsamiya da aka tace. Ɗan tsami yana taimaka wa rini ya fito, ya kuma jinkirta lalacewarsa. Mai kaushin fata ta rage tsamin.
2. Kada ku yi amfani da tafasasshen ruwa, yana raunana rini.
3. Ku zuba sukari cokalin shayi 2, don kwaɓin ya manne kada ya farfashe da wuri.
4. Ku rufe da leda, ku ajiye a inuwa awa 6 zuwa 12. Lokacin hunturu yakan fi haka daɗewa.
5. Ku gwada: ku ɗiga kaɗan a tafin hannu, ku goge bayan minti 5. Idan ya bar ruwan goro mai haske, ya nuna.

Kwaɓin da ya wuce kwana 2 a ɗakin zafi ƙarfinsa ya ragu. Wanda ya saura a ajiye shi a injin ƙanƙara.

Ƙunshi da kulawa bayansa

A wanke hannu da ƙafa da sabulu, a tsane, kada a shafa mai ko basilin, domin maiƙo yana tare rini. A sa kwaɓin da kauri, a bar shi aƙalla awa 6, ko a kwana da shi. Dabarar iyayenmu ta naɗe ƙafa da ganye da tsumma, da zura hannu a zunguru, tana da tushe a kimiyya: ɗumi da laima ke sa rini ya ci gaba da shiga fata. Leda da safa ma suna yin wannan aiki.

Idan an kwance, a kankare busasshen lallen, a shafa man kaɗanya. A nisanci sabulu da wanki a yinin farko gwargwadon iko. Kada a damu idan an ga launin bai yi duhu ba da safe, sai ya kwana ya yini yake nuna kansa. Don haka a yi wa amarya ƙunshi kwana 2 kafin ranar da ake son a gan shi. Mai son ya ƙara duhu ta maimaita ƙunshin dare na biyu. Garin sabulun wanki da bilicin da dutsen goge ƙafa su ke saurin cinye shi.

Gargaɗi

Lalle na asali ba ya yin baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da ke yin haka rinin gashi ne, wanda ake kira dayis, kuma yawancinsa na ɗauke da sinadarin PPD. Yana iya jawo ƙaiƙayi da kumburi da bororo bayan kwanaki, ya bar tabo a kan zanen, kuma wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya, ya ƙi shi ke nan har abada. Kada kuma a zuba kananzir ko fetur a kwaɓi.

Haka nan kada a shafa wa jarirai lalle, ko da na asali ne, ko duk wanda aka san yana da ƙarancin sinadarin G6PD a jini. Wannan lalura ce ta gado da ake samu da yawa a Nijeriya, musamman ga maza, kuma lawson na iya farfasa ƙwayoyin jinin mai ita. Idan aka ga idon yaro ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu bayan an sa masa lalle, a garzaya da shi asibiti.

Kammalawa

Malaman gona, idan kun fita rangadi ku tafi da gari kala biyu, na shanyar inuwa da na shanyar rana, ku kwaɓa a gaban ƙungiyoyin mata su gwada a tafin hannu. Abin da ido ya gani ya fi saurin karɓuwa. Ku kuma manoma, ku riƙe shanyar inuwa da tankaɗe mai laushi da ajiya a rufe. Domin ƙarin bayani sai ku tuntuɓi malamin gona mafi kusa da ku.