Kaye da alƙalami, garkuwar ƙaramin mai sana'a a Gidimuni

Matafiyin da ya bar birnin Damagaram ya nufi gabas a kan babbar hanyar da ta bi ta Gure zuwa Diffa, in ya ci kamar kilomita 70, sai ya ga tudun rairayi ya buɗe, ga kwari shar da itatuwan dabino da garake kewaye da tabki. Wannan shi ne Gidimuni, gari na gundumar Damagaram Takaya. Ruwan kwarin ya sa mutanen wurin ba su zaman banza da rani. Akwai masu noman rake da rogo da kayan miya, akwai masu su, akwai masu kwasar kanwa, ga kuma waɗanda ke saye daga hannunsu su kai Mirya da Damagaram. A bayansu akwai tela da mai gyaran babur da mai shayi da mata masu tuya a bakin hanya.

Dukan waɗannan mutane kuɗi na ratsa hannunsu kowace rana. Amma da za a tsayar da ɗayansu a tambaye shi abin da ya samu bara, da yawa amsarsu ita ce an gode Allah. Godiya wajibi ce, sai dai ba ta cike gurbin lissafi ranar da uwar kuɗi ta ƙare, ko ranar da ma'aikacin haraji ya tsaya a bakin rumfa. Wanda bai ƙidaya cinikinsa ba, wani ne zai ƙidaya masa, kuma da wuya ƙidayar wani ta zo daidai.

Rubutun ciniki ba baƙo ba ne a Damagaram

A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, ayarin raƙuma na tashi daga Damagaram da ƙirgi da gashin jimina zuwa Tarabulus, su komo da tufafi da takarda da sauran kayan Arewa. Fatauci irin wannan, wanda ake wata da watanni kafin a ga ƙarshensa, yana tafiya ne da amana da wasiƙu da malamai ke rubuta wa attajirai. Addini ma ya riga kowa: aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a surar Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu. Zakkar kayan ciniki kuwa, ɗaya cikin arba'in, ba ta fita daidai sai mutum ya san adadin dukiyarsa in shekara ta kewayo.

Bayan samun ƴancin kai, lokacin da aka kafa hukumar haɗin gwiwar manoma ta UNCC a 1962, aka soma yaƙi da jahilci a 1963, babban abin da ya ja manoman ƙasar Damagaram zuwa aji shi ne kasuwar gyaɗa. Suna so su karanta sikeli da idonsu, su rubuta nauyin buhu da hannunsu, kada a sake cutarsu a wurin awo. Cikin shekarun 1960 ɗin nan aka ga ƙauyawa suna riƙe da takardun kasuwarsu cikin harshen Hausa. Abin da iyaye suka yi wa gyaɗa, ƴaƴa na iya yi wa rake da kanwa.

Uwar kuɗi dabam, riba dabam

Matakin farko na lissafi shi ne raba aljihu biyu, na sana'a da na gida. Ga misali. Wani ɗan kasuwa yana da jari na tamma 50.000, wato jika 50. Ya sayi dami 20 na rake a garka, kowane dami jika 2, ya biya 40.000. Kuɗin mota zuwa Damagaram 6.000, ƴan dako 2.000, tikitin kasuwa 500, abincinsa na hanya 1.500. Ɗawainiya ta tashi 10.000, jarin nan ya shige duka. Ya sayar da raken a kan 58.000, amma 5.000 daga ciki bashi ne wani abokin ciniki ya ɗauka. Abin da ya shigo aljihunsa 53.000 ke nan.

In ya yi lissafin ka, zai ce ya saya 40 ya sayar 58, ya ci ribar jika 18. Sai ya auni hatsi, ya yi gudummawar biki, ya ɗinka wa yara tufafi, har jika 18 ɗin nan ta tafi. Da ya koma garka sai ya tarar da jika 35 kaɗai a hannunsa. Ribarsa ta gaskiya jika 8 ce, ita ma sai in mai bashi ya biya. Jika 10 da ya ƙara a kai, uwar kuɗi ya ci. In ya maimaita haka sau biyar, jari ya ƙare, alhali ba ɓarawon da ya shiga rumfarsa, ba gobarar da ta tashi. Irin wannan karyewa ce ake yawan ɗora wa sammu ko baƙin jini.

Haka kuma tsadar kaya na iya cin jari a ɓoye. A watan Janairu na 1994, da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, masu tebur da suka sayar da kayan waje a tsohon farashi sun ga riba a hannu, amma da suka koma saro sai kuɗin ya kasa sayen abin da suka sayar. Masu hulɗa da kasuwannin Nijeriya sun san irin wannan a duk lokacin da naira ta hau ko ta sauka. Don haka farashin sayarwa a kan auna shi da abin da za a biya gobe wurin saro, ba da na jiya kaɗai ba.

Yadda ake riƙe kaye

Ba a bukatar na'ura ko babban ilimi. Kaye ɗaya na ƴan makaranta ya isa. A kowane shafi a ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, a sami gida biyar: kwanan wata, dalili, abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage. Kowace maraice kafin a tashi, a rubuta cinikin ranar, a ƙidaya kuɗin da ke cikin akwati, a gani ko ya yi daidai da gidan ƙarshe. Abin da mai sana'a ya ɗiba don cefane shi ma a rubuta shi a gidan fita, da sunan kuɗin gida. Ya fi kyau ma ya yanka wa kansa abin da zai riƙa ɗauka kowane mako, kamar yadda zai yanka wa yaron da ke yi masa aiki.

Bashi yana da nasa shafuna a ƙarshen kayen, kowane mutum da shafinsa: abin da ya ɗauka, ranar da ya ɗauka, abin da ya biya. Haka nan bashin da ake bin mai sana'ar. Kuɗin da aka turo ta waya ko ta gidajen aika kuɗi a sa masa alama, don ba ya cikin akwati. Sau ɗaya a shekara kuma a ƙidaya kayan da suka rage a rumfa, a yi musu kuɗi.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da ƙasar nan. Baki yana ƙidaya da dala, takarda tana ƙidaya da tamma, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Wanda ya biya dala ɗari, a takardarsa 500 za a rubuta. In mai kaye ya rubuta 100 yau yana nufin dala, gobe ya kwafo 500 daga takardar wani, jimillarsa ta lalace. Abin da ya dace shi ne a rubuta komi da tamma, tunda da ita hukuma ke aiki. Naira ma a juya ta zuwa sefa a farashin ranar kafin ta shiga kaye. Wanda ya fi sakewa da ajami ya rubuta da ajami, mai boko ya yi da boko, muddin alƙaluman sun fito sarai.

Abin da doka ta tanada

Nijar na cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Port-Louis a 1993 domin ƙasashen Afirka da dama su yi aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya. A 2010 ƙungiyar ta buɗe wa ƙaramin mai sana'a matsayi nasa, ko ɗan kasuwa ne, ko mai aikin hannu, ko manomi. Abin da ake nema gare shi kaɗan ne: ya sanar da sana'arsa a ofishin rajistar kasuwanci na kotu, ba tare da biyan kuɗi ba, sa'an nan ya riƙe littafi da yake rubuta shiga da fita kowace rana, ya ajiye shi aƙalla shekara 5. Tsarin lissafin da aka sabunta a 2017, ya soma aiki a 2018, ya yarda da sauƙaƙan lissafin shiga da fita ga wanda cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 ba in saye da sayarwa yake yi, miliyan 40 ga mai aikin hannu, miliyan 30 ga mai yi wa jama'a hidima. Ke nan kayen da aka bayyana a sama ba wasan yara ba ne, kusan shi ne abin da doka ta ambata.

Haraji iri-iri ne

Kalmar lampo tana da ɗaci a bakin dattawa, kuma da dalili. Tun bayan da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, kuɗin kai da suka aza ya kori mutane da yawa zuwa cin rani, ya tilasta wa wasu sayar da hatsin da za su ci. Gwamnatin Janar Seyni Kunce ce ta soke lampon kai na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970. Tsoron ya daɗe bayan dalilinsa ya wuce, har yau wasu na ganin rubuta ciniki tona wa kai asiri ne.

Ya kamata mai sana'a ya rarrabe abin da yake biya. Na farko, kuɗin da ma'aikatar magajin gari ke karɓa daga magidanta kowace shekara ta hannun masu gari. Na biyu, tikitin kasuwa da na tasha, wanda ake biya ranar da aka kasa kaya. Na uku, harajin sana'a, wanda jama'a ke kira patanti, na hukumar haraji ta ƙasa. Domin sauƙaƙa wa ƙananan ƴan kasuwa, kundin haraji na 2012 ya tanadi dunƙulallen haraji da ya haɗe wasu haraji wuri ɗaya, ana yanka shi bisa irin sana'ar mutum da jimillar cinikinsa na shekara. Dokar kasafin kuɗi takan gyara adadin, saboda haka a tambayi ofishin haraji mafi kusa a farkon kowace shekara. A can ne kuma ake ba da lambar shaidar mai biyan haraji, wato NIF, wadda sai da ita ake iya sayar wa ma'aikatar gwamnati kaya.

A nan ne kaye ke nuna ranarsa. Mai raken nan, in ya yi sawu 20 a shekara, jimillar cinikinsa 1.160.000 ce, ribarsa kuwa 160.000. In ba shi da rubutu, ma'aikaci zai dubi tulin raken ranar kasuwa ya ƙiyasta, yana iya zaton shekara duka haka take, alhali rake yana da lokacinsa. In da kaye, sai a buɗe a ga watannin ciniki da watannin zama. Mai kukan an yanka masa fiye da ƙima yana da damar kai ƙorafi a rubuce, amma ƙorafi ba ya tsayawa sai da hujja. Kaye kuma yana nuna wanda ya sayar da amfanin garkarsa da wanda ya saya don ya sayar, waɗanda dokar kasuwanci ba ta ɗauke su ɗaya ba.

Hanya mafi sauƙi ta biya ita ce a raba harajin bara gida 52, a riƙa ware kashi ɗaya kowane mako, kamar zubin adashi. Ranar biya ba za a taɓa jari ba, ba za a kai ga tara ko rufe rumfa ba. Ko nawa aka biya, a karɓi takardar shaida mai lamba da hatimi, a duba a ga adadin da aka rubuta shi ne aka bayar, a liƙa ta cikin kaye. Kuɗin da aka miƙa ba takarda, ba tabbacin ya isa baitulmali, kuma ana iya sake neman sa.

Nauyin da ke kan ma'aikata

Hakki ba a kan mai biya kaɗai yake ba. Ma'aikacin da ya zo karɓa ya bayyana wa mutum da Hausa ko Barbarci sunan harajin, da shekarar da ake biya, da inda kuɗin za shi. Ya karɓi kayen da aka rubuta da harshen gida, ya duba shi da mutunci, domin in aka yi wa mai kaye dariya sau ɗaya, maƙwabtansa goma ba za su saya ba. Hukumar gari kuma ta riƙa sanar da jama'a abin da kasuwa ta tara da abin da aka yi da shi, ko rumfuna ne, ko shara, ko gyaran rijiya. Mutumin da ya ga inda tikitinsa ya tafi ba ya ɓuya in ya hango mai tikiti.

Su kuwa malaman yaƙi da jahilci, babu darasin lissafin da ya fi cinikin ɗalibi na wannan rana. Waɗanda suka sami takardar ƙare karatu a Gidimuni da ƙauyukanta su ne ya kamata su soma, kowa ya buɗe kaye ga sana'arsa, ya taimaki uwa ko maƙwabcin da bai iya ba tukuna. Kuɗin kaye bai kai na dami ɗaya na rake ba, ga shi lokacin saran rake shi ne ya fi dacewa a buɗe shafin farko.