Daga Ramin Landan Zuwa Bolgatanga: Tarihin Makaɗan African Head Charge

A cikin shekarar 1981 wani ɗan ƙaramin kamfanin faifai na birnin Landan, mai suna On-U Sound, ya fitar da wani faifan garmaho wanda yake da wuya a ce ga irin kiɗan da ke cikinsa. Babu waƙa irin wadda kunne ya saba da ita, mai baiti da amshi. Abin da ake ji kawai shi ne ganguna, da gurnanin babbar jita, da waɗansu muryoyi da ke tasowa kamar daga ƙasan rijiya, sa'an nan su ɓace. A bangon faifan an rubuta sunan makaɗan, watau African Head Charge, alhali kuwa a lokacin babu wata ƙungiya mai wannan suna da za a iya gayyata ta zo ta yi wasa a gaban jama'a. Mutum biyu ne suka ƙulla abin a gefen sauran ayyukansu: wani Baturen Ingila mai haɗa sauti, Adrian Sherwood, da wani makaɗin ganga mutumin Jamaika, Bonjo Iyabinghi Noah. Sun zauna a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa suna ƙaga yadda sautin Afirka zai kasance, kuma sai da aka yi shekaru da dama kafin aikin nasu ya taka ƙasar Afirka ta zahiri.

Ba za a gane abin da suka yi ba sai an san irin kiɗan da ake kira dub. A tsibirin Jamaika, tun daga shekarun 1950, rawar talakawan Kingston a fili ake yin ta, inda mai kayan sauti zai kafa manyan lasifikoki ya yi ta sa faifai har dare ya raba. Masu wannan sana'a gasa suke yi da juna, kowa na neman faifan da abokin hamayyarsa ba shi da shi. Wajen ƙarshen shekarun 1960 sai aka lura cewa idan aka cire muryar mawaƙi aka bar kiɗan zalla, 'yan rawa sukan ɗauki waƙar da bakinsu, mai gabatarwa kuma ya sami sararin yin kirari a kai. Daga nan ya zama al'ada a sa waƙa a fuska ɗaya ta ƙaramin faifai, a sa kiɗanta tsura a ɗaya fuskar. Masu kamfanoni sun yi na'am da wannan dabara, gama kuɗin ɗaukar waƙa guda ya ba su fuska biyu.

Wanda ya mai da wannan tsimi ya zama fasaha shi ne Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, wani mai gyaran rediyo a unguwar Waterhouse ta Kingston. A zamanin an riga an fara ɗaukar kiɗa a tef mai layi huɗu, watau ganga a layinta, babbar jita a nata, sauran kayan kiɗa da murya su ma a nasu. Tubby yakan zauna gaban teburin haɗa sauti, ya ɗauke murya a tsakiyar kalma, ya jefa guntunta cikin na'urar amsa-kuwwa ta yi ta maimaituwa har ta mutu, ya kashe kome ya bar ganga da babbar jita kaɗai, kana ya sako sauran ba zato ba tsammani. Lee Perry shi ma ya yi irin wannan aiki a ɗakinsa na ɗaukar sauti mai suna Black Ark. Ta haka ne injiniya, wanda a da aikinsa bai wuce tsare ingancin sauti ba, ya shiga sahun makaɗa, teburinsa ya zama abin kiɗansa.

Mutanen Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Ingila tun daga 1948 sun tafi da al'adar lasifikokinsu, 'ya'yan Turawa da suka tashi tare da 'ya'yansu kuma suka kamu da son kiɗan. Adrian Sherwood, wanda aka haifa a 1958, yana daga cikinsu. Tun yana saurayi ya shiga sayar da faifan rege, kuma a 1978 ya fitar da faifan farko na wata ƙungiya mai suna Creation Rebel, wadda ta riƙa yi wa shahararren mai kirarin nan na Jamaika, Prince Far I, kiɗa idan ya zo wasa Ingila. Sherwood ba shi da jari. Saboda haka yakan yi hayar ɗakin ɗaukar sauti da dare, lokacin da kuɗin ya fi sauƙi, ya tara makaɗan da ya sani, ya ɗauki abin da ya samu. Makaɗan kusan su ne dai su ne, amma sunan da za a buga a faifai yakan canza bisa ga wanda aka sa a gaba: yau New Age Steppers, gobe Singers & Players, jibi Dub Syndicate. African Head Charge ɗaya ce daga cikin waɗannan sunaye, kuma wanda aka sa a gaba a cikinta shi ne mai gangar Creation Rebel, watau Bonjo.

Shi Bonjo a lardin Clarendon na Jamaika ya tashi, kuma tun yana yaro ya koyi kiɗa a wurin 'yan Rasta, kafin ya koma Ingila. Kiɗan ibadarsu, wanda suke kira Nyabinghi, da ganguna iri uku ake yinsa. Akwai babba mai rugugi, akwai matsakaiciya mai suna funde wadda ke riƙe da bugu biyu-biyu kamar bugun zuciya, sa'an nan akwai ƙarama mai suna akete, wadda ita ce ke yawo a kan sauran tana magana. Sunan Nyabinghi kansa daga yankin Yuganda da Ruwanda aka aro shi. Tushen irin wannan kiɗa kuwa yana komawa ga bayin da aka kwaso daga Afirka, waɗanda da yawa daga cikinsu an ɗauke su ne daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau. Shi ya sa har yanzu a Jamaika ana ba yara tatsuniyoyin Anansi, takwaran Gizo na tatsuniyoyin Hausa. Afirkar da ke hannun Bonjo ke nan: gado ne na gaske, amma wanda ya yi ƙarnuka a hayin teku.

Abin da ya tayar da aikin shi ne wani faifai da Brian Eno na Ingila da David Byrne mazaunin Amurka suka fitar a farkon 1981, My Life in the Bush of Ghosts. Sun aro sunan ne daga littafin marubucin Nijeriya Amos Tutuola na 1954. A cikin faifan sun ɗora muryoyin masu wa'azin rediyo da na mawaƙan ƙasashen Larabawa a kan kiɗansu. Sherwood ya karanta wata hira inda Eno ya yi zancen wata Afirka irin ta mafarki, mai sauti mai juya hankali, sai ya ƙudura cewa shi da Bonjo za su iya yin abin da ya fi wannan. Ɗakin da suke aiki, Berry Street, a ƙarƙashin ƙasa yake, don haka suka yi wa sunan faifan Eno ba'a, suka kira nasu My Life in a Hole in the Ground, watau rayuwata a cikin rami.

Yadda suke aikin shi ne, Bonjo ya buga ganga a layi ɗaya, a mai da tef baya ya buga wata a kanta, a sake mayarwa ya ƙara wata, har mutum guda ya zama kamar taron makaɗa. Daga nan sai Sherwood ya karɓa, ya rage gudun tef ko ya ƙara, ya cusa amsa-kuwwa, ya sako ƙarar da ba a san ta a kiɗa ba. A ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen faifan farko an ja muryar Prince Far I har ta yi kauri mai ban tsoro, kuma shi ne kiɗan da David Lynch ya sa a fim ɗinsa Wild at Heart na 1990. Faifai biyu suka biyo baya, Environmental Studies a 1982 da Drastic Season a 1983, na ƙarshen nan kuwa ya fi duka tsauri a kunne. A waɗannan shekaru teburin injiniya ne ke mulki. Ganga kayan aiki ce kawai da ake yankawa ana ɗinkewa, kuma Afirkar da ake ji a ciki ba ta wata ƙasa ba ce da za a iya nunawa a taswira.

Al'amarin ya fara juyawa da faifan Off the Beaten Track na 1986. A lokacin na'urorin da ke ɗaukar guntun murya su adana shi sun shigo, har aka ji muryar masanin kimiyya Albert Einstein a kan gangar Bonjo. Amma kiɗan ya fi na baya tsari, an fara jin waƙa da amshi. Wajen ƙarshen shekarun 1980 sunan da aka ƙaga don bangon faifai ya zama ƙungiya ta sosai, mai hawa dandali, Bonjo na gaba yana kiɗa yana waƙa. Wannan ba ƙaramin canji ba ne, domin a gaban jama'a babu damar mai da tef baya, tilas hannu ya yi abin da na'ura ke yi. Faifan Songs of Praise na 1990, wanda masu sharhi da yawa ke ɗauka shi ne mafi kyau a aikinsu, an gina shi ne a kan waƙoƙin ibada na al'ummomi dabam-dabam. Na 1993 kuwa, In Pursuit of Shashamane Land, sunansa na nuni ne ga garin Shashamane na Habasha, inda Sarki Haile Selassie ya ba baƙar fata na ƙetaren teku fili a 1948 don masu son komowa gida.

A nan akwai wata magana da ba ta kamata a tsallake ba. Ɗaukar muryar mai ibada a ɗora ta a kan kiɗan rawa abu ne mai nauyi. Eno da Byrne sun ga haka da idonsu, gama a faifansu na 1981 akwai wani kiɗa da suka sa karatun Alƙur'ani a cikinsa, wata ƙungiyar Musulmi ta Ingila ta nuna rashin yarda, aka cire shi daga bugun da suka biyo baya. Ko da ba a taɓa addinin kowa ba, tambaya tana nan: mutumin da aka ɗauki muryarsa a wani ƙauye shekaru da dama da suka wuce, wa ya nemi izininsa, kuma wa ya san sunansa? Masu kare wannan salo sukan ce dub tun asalinsa aro ne da sake ƙira, kuma ta wannan hanya kunnuwa da yawa suka fara jin muryoyin da ba za su taɓa ji ba. Masu suka kuma sukan ce aron da mai kaya bai sani ba yana da wani suna dabam. Duk wanda ya saurari irin waɗannan faifai da idon basira zai ga kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Bonjo dai bai tsaya gardama ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a tsakiyar shekarun 1990 ya tattara ya koma Gana da zama, ya yi iyali a can. Faifan da ya fitar a wannan lokaci, ba tare da Sherwood ba, sunayen harshen Twi suke ɗauke da su: Akwaaba a 1995, watau maraba, da Sankofa a 1997, kalmar da ke nufin komawa baya a ɗauko abin da aka bari. Daga baya abokan biyu suka sake haɗuwa, suka yi Vision of a Psychedelic Africa a 2005, wanda sunansa ya dawo da tsohuwar maganar Eno, sa'an nan Voodoo of the Godsent a 2011. A 2020 kamfanin On-U Sound ya tattara faifansu na 1990 zuwa 2011 a akwati guda, aka sa masa suna mai ma'anar cewa kiɗan ganga ma harshe ne, zancen da ba zai zama baƙo ga wanda ya san yadda kalangu ke kiran sunan mutum ba.

Bayan shekara 12 ba tare da sabon aiki ba, sai a 2023 suka fitar da A Trip to Bolgatanga. Bolgatanga ita ce hedkwatar jihar Gabas ta Sama a arewacin Gana, kusa da iyakar Burkina Faso, ƙasar Farafara, wadda ta yi suna wajen saƙar kwanduna. Babban baƙo a wannan faifai shi ne King Ayisoba, ɗan yankin, makaɗin kologo, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu da ya yi kama da garaya ko gurmi. Ayisoba ba ɓoyayye ba ne, domin ya ci babbar lambar waƙa ta ƙasar Gana a 2007, ya kuma zaga ƙasashen Turai da kiɗansa. Har wa yau Sherwood ne ya haɗa sautin, amsa-kuwwar dub ma tana nan ba ta tafi ko'ina ba, sai dai an sassauta ta don a ji tsirkiya da murya sarai.

Idan aka ajiye faifan 1981 kusa da na 2023, za a ga abin da shekara 42 suka canza. A na farko injiniya ne ke jan ragama, mai ganga na biye, kuma Afirka suna ce da aka rubuta a bango daga wani rami a Landan. A na biyun mai ganga ne ya zaɓi inda za a je da wanda za a yi kiɗa da shi, sunan faifan sunan gari ne da ake shiga mota a je, muryar da ake ji kuma ta mutum ce mai rai, wanda ya shigo aikin da yardarsa, aka kuma buga sunansa a jikin waƙoƙin da ya rera.