Yashin Rafi Ba Abin Wanke Injin Ba Ne

Har gobe a Kontagora ba a rasa tsohuwar Peugeot 504 ko 505 tana jigila a hanyar Yauri ko ta Tegina, irin waɗanda kamfanin PAN, da ya fara haɗa motoci a 1975, ya riƙa haɗawa a Kaduna. Bulok ɗin injinsu baƙin ƙarfe ne, amma tof silinda alminiyam ne, shi kuwa alminiyam in ya kwana biyu sai ya dushe ya yi furfura. Mai son a mayar da shi fes zai iya jin labarin feshin yashi, wato a ɗura rairayi a bututun kwamfuresa iska ta watsa shi ya kankare dauɗa. Kwamfuresa tana hannun kowane mai faci, yashi kuma kyauta ne a bakin rafi. Wannan arahar ce abin tsoro.

Alminiyam ƙarfe ne mai laushi. Yashi yakan ƙwarzane fuskar da gasket ke kwanciya a kai, daga nan ruwa da baƙin mai su fara cakuɗa. Mafi muni, tsabar yashin takan maƙale a hanyoyin mai inda ido ba ya kai wa; in injin ya ɗau zafi sai mai ya kwashe ta ya kai wa metal, ba a jima ba injin ya buga.

Injin dai ana sayen wani. Huhu fa? Yashi cike yake da silika, kuma idan ya daki ƙarfe da ƙarfin iska yakan farfashe ya zama ƙurar da ba a gani. Ita ce ke sauka can cikin huhu ta bar tabo, numfashi ya riƙa ƙaranci. Cutar, da likitoci ke kira silikosis, ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ingila ta hana feshin yashi a kan kayan zubi tun 1949, Turkiyya ma ta hana shi a masana'antun wandon jins a 2009, bayan samarin ma'aikata sun mutu.

Wani zai ce ai a cikin ƙurar hunturu muka tashi, ba ta kashe kowa ba. Akwai bambanci: ƙurar feshi sabuwar fashewa ce, ta fi cin huhu, kuma a bakin hancin mai aikin take tashi da kauri, shi kuwa yawanci yaron gareji ne, ba maigida ba. Ɗaura hankici ba ya tare ta.

Masu gyaran tsofaffin motoci a Turai sukan yi amfani da garin soda mai narkewa a ruwa, ko ƙwayoyin gilashi haɗe da ruwa a rufaffen akwati, su toshe kowace kafar mai tukuna. Inda babu waɗannan, kananzir da burushi mai laushi sun wadatar, domin ƙyalli ba ya ƙara wa injin ƙarfi. A dai guji soda mai ƙuna ta masu sabulu, don cinye alminiyam take yi.