Saki Mafundikwa da Neman Haruffan Afirka

Duk littafin da ka ɗauka, akwai wanda ya zaɓi girman haruffansa, ya auna tazarar layi da layi, ya yanke inda hoto zai zauna a bango. Shi ake kira mai tsara zane. Tambarin kamfani, allon talla, kwalin magani, duk ta hannunsa suke bi. Idan mai zaman kansa ne, ba ya jiran albashi: mai aiki ya zo da buƙatarsa, a yi ciniki, ya fitar da samfuri, a yi ta gyara har a gamsu, sannan a kai maɗaba'a.

Da wannan sana'a Saki Mafundikwa, ɗan Zimbabuwe da aka haifa a 1955, ya faro. Ya yi digiri na biyu a Jami'ar Yale ta Amurka, ya yi shekaru yana aiki a New York, yana kuma koyarwa a makarantar Cooper Union. Sai dai ilimin fannin kusan dukansa a kan haruffan boko aka gina shi, sai ka ce Afirka ba ta taɓa ƙago rubutu ba.

Nan bincike ya shigo. Ya bi sawun rubutun Vai na Laberiya da ya bayyana wajajen 1830, da wanda Sarki Njoya na Bamum ya fara ƙirƙira a Kamaru wajajen 1896, da alamomin Nsibidi na kudu maso gabashin Najeriya, da Tifinagh na Buzaye. A 2004 ya tattara su cikin littafinsa Afrikan Alphabets.

To, ina ruwan mai zane da aikin masu tarihi? Harafi ba ya shiga kwamfuta sai wani ya zauna ya zana shi, ya daidaita kaurinsa da tsayinsa da na 'yan uwansa. Bahaushe ya san wannan sarai: ka rubuta ƙ ko ɗ, sai ka ga ɗan akwati fayau a gurbinsa, don wanda ya zana salon haruffan bai sa masu lanƙwasa ba. Mai zane ba zai zana abin da bai san da shi ba.

Shi ya sa, a ganina, komawar Mafundikwa gida Zimbabuwe ta fi komai nauyi a tarihinsa. A 1999 ya buɗe makarantar ZIVA a Harare, inda matasa suka riƙa koyon tsara zane da kwamfuta, suna kuma nazarin rubuce-rubuce da alamomin nahiyarsu tun daga aji.